Inda Zabirar Abuya Ta Tafi

Jidda,
27 ga Sha'aban.

Zuwa ga Yayana Usuman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Zakiya da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka daɗewa a tsugune. Allah Ya jiƙan mahaifinmu Abuya, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa inda ya je ya fi inda ya bari. Mu nan lafiya ƙalau, irin lafiyar da ake faɗa wa mai tambaya. Autata mai suna Bayan ta koma aikinta tun sati na biyu, tana fita da safe ta dawo da yamma. Ni ma na koma bakin kayana a kasuwar Bab Makka, ina auna lalle da turaren wuta, wani lokaci sai mai saye ya yi nisa sannan in tuna ban amsa sallamarsa ba. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar, kuma har yanzu ban yi kuka ba. Matan unguwa da suka zo zaman makoki sun yi ta cewa Dela akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, Yaya. Na duba cikina ne ban tarar da komai ba, sai na ci gaba da zuba wa baƙi gahawa.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙar hannu alhali ga waya. Sau uku kana tambayata zabirar Abuya, sau uku ina ce maka layin ba shi da kyau, ba na jin ka. Layin lafiyarsa ƙalau. Ina jin ka sarai, har tarin Zakiya ina jiyowa a bayanka. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ba hannu aikin. Hajiya Latifatu, maƙwabciyarku da ta zo Umara, za ta taso ranar Juma'a, ita za ta kawo maka wannan tare da dabino da ruwan Zamzam da fararen jallabiyoyin Abuya guda biyu da carbinsa. Kada ka zazzage jakar kana nema, zabirar ba ta ciki. Tana Ingila tun ranar Talatar makon jiya, kuma ni na ba da ita da hannuna. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni, in har za ka kira.

Ba sai na gaya maka wanda ya cancanci zabirar nan ba. Kakanmu ya rataya ta tun daga Gumel a ƙafa, ya yi shekara bakwai a Sudan yana aski da ƙaho yana tara guzuri, ya hau jirgin ruwa daga Sawakin ya sauka da ita a tashar Jidda. Daga hannunsa ta koma hannun Abuya. Kai kuma tun kana ɗan shekara tara kake ɗaukarta a bayansa, ni kuwa ko taɓa ta ba a bari in yi, iyakata in kawo ruwan ɗumi in koma gefe. Ban manta da shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi ranar Sallar layya ba. Ka ce alhazan da suka saba da shi ba za su rasa mai aski a Mina ba, ka ɗauki askarka biyu ka tafi a madadinsa. Kafilin da ya tsaya maka ya rasu, iƙamarka ta zaman ƙasa ta ƙare, kowa ya ce kada ka je, ka ce ai yini ɗaya ne. A can aka kama ka. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka sa ka a jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Ka je ka nemi garin kakanka ka zauna, Zakiya ta bi ka da ɗanku Abdallah, kana aski har yau, ga shi shi ma ya gaje ka. Duk wanda ya san gidanmu ya san zabirar taka ce. Ni ma na sani, kuma ina sane a duk ranakun da zan ba ka labarinsu yanzu.

Abin ya faro ne daga auren babbar 'yata Razan, shekara huɗu da suka wuce. Ka san Bature Musulmi ta aura, amma ba ka san yadda aka yi Abuya ya yarda ba, don lokacin ce maka kawai na yi Allah Ya daidaita. Hamad sunan da ya zaɓa wa kansa ne da ya musulunta, tun kafin ya san ta. Injiniya ne, yana gyaran manyan injinan ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa, ita kuma tana aiki a wani masauki a Abhur inda ake sauke ma'aikatansu. Da maganar ta zo gida, dangin marigayi mijina suka ce Abuya ne ya raine ta, shi ke da ta cewa. Ka san halin tsohonka. Bai tambayi aikin yaron ba, bai tambayi fasfonsa ba, ko sallarsa ba ita ya fara tambaya ba. Asali ya tambaya, ɗan gidan su wa ne, kuma me ake yi a gidan. Ya ce shi bai taɓa jin mutumin da ya faɗo daga sama ba, ko da Bature ne. Sau biyu Hamad yana zuwa gaisuwa da kwalin alewa, sau biyu Abuya yana shanye shayinsa ya tashi ya bar shi da mu.

A zuwa na uku ne Razan, da Hausar nan tata da rabinta Larabci ne, ta ce wa kakanta ai sunan gidan su Hamad Barber, kuma ma'anarsa wanzami. Wallahi ta faɗa ne kawai don shirun ya yi yawa. Abuya ya ajiye kofi, ya sa aka sake faɗa masa, sannan ya shiga tambaya Razan tana fassara. Shi kuwa Hamad, bawan Allah, ya taɓa karanta tarihin sunansu, da ya ga an sami abin da tsohon ke son ji sai ya yi ta zuba. Ya ce a ƙasarsu, shekara ɗari bakwai ko fiye da suka wuce, talakawa ba su da sunan gida, sai a kira mutum da aikinsa, wannan maƙeri, wancan masaƙi, wancan mai gasa burodi, daga baya sunan ya manne wa 'ya'ya da jikoki. Ya ce masu sunansu ba aski kaɗai suke yi ba a wancan zamanin, suna tsaga jiki su fitar da jini, suna cire haƙori, suna fasa maruru, su ake kira in an ji rauni. Ya ce har sandar nan mai ja da fari da ake gani a ƙofar shagunan aski daga nan ta samo asali, jan jini ne, farin kuma ƙyallen ɗaure ciwo. Yaya, da ka ga fuskar Abuya. Ya ce to wannan ai wanzanci ne babu ragi. Kuma kada ka ɗora wa Hamad laifi, bai ɓoye komai ba. Ya faɗa ƙarara cewa abin ya daɗe ƙwarai, shi bai iya ba, ubansa ma direban jirgin ƙasa ne. Abuya ya kaɗa hannu ya ce wannan ba komai ba ne, gidajen wanzamai nawa ne 'ya'yansu suka tafi aikin ofis, amma ba a kiran gida da sana'ar da ba tasa ba. A saninsa, in aka ce wa mutum Wanzami, ko bai riƙe aska ba kakansa ya riƙe, kuma akwai zabira rataye a wani ɗaki na gidan. A zaman nan aka gama maganar aure.

Ana gobe ɗaurin aure ya zaunar da Hamad a tabarma ya aske shi tas, Baturen nan ya tashi kai jawur kamar tumatir. Da ya miƙo lada, Abuya ya ture hannunsa ya ce ba a karɓa tsakanin 'yan sana'a ɗaya. Ya yi wata guda yana ba abokansa labari a ƙofar masallaci, wai ashe har Ingila muna da dangi. Tun tafiyarka ban ga ya yi murna irin wannan ba. Ka san a Jidda sana'ar a hannunsa ta mutu. Samari sun koma shaguna masu sanyi, ƙaho ya koma wuraren da ke da lasisi, a takardunmu kuwa sunan gida ɗaya, Hausawi, aka rubuta mana gaba ɗaya, da wanzami da mahauci da malami. Sai ga wani gida can ƙarshen duniya da ya riƙe sunan sana'ar har a fasfo. Ni ma dariya na yi lokacin, na ce in dai wannan ne zai ɗaura auren 'yata, Allah Ya sa albarka.

Bayan shekara biyu aikin Hamad a nan ya ƙare, suka koma garinsu a arewacin Ingila, kuma da haihuwar Razan ta matso suka nema mini biza na je. A can idona ya buɗe. Tun a hanyarmu daga filin jirgi na ga sunan a jikin wata babbar mota mai ɗaukar kayan gini, don Razan ta koya mini kamannin rubutunsa. Na taɓo Hamad da murna na ce ga motar danginku. Ya yi dariya ya ce bai san su ba. Na sake ganin sunan a ƙirjin wata ma'aikaciyar jinya a asibitin haihuwa, baƙa ce ma kamar ni, ita ma bai san ta ba. Ya ce masu sunan a ƙasar dubun-dubata ne, a Amurka sun fi haka yawa, kuma galibinsu babu abin da ya haɗa su, don a da kowane gari da mai askinsa, kowanne kuma da sunan aka kira shi. Mahaifiyarsa, mace mai kirki, da ta ga ina sha'awar maganar sai ta ɗauko wata doguwar takarda da mijinta ya haɗa kafin ya mutu, sunayen kakanninsa na wajen uba har shekara ɗari biyu da wani abu. Razan ta karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Masu haƙar kwal ne, da masu aikin masaƙa, da wani soja, da wani mai kiwon tumaki. Babu mai aski ko ɗaya. Na tambaya ko akwai wani abu da aka gada a gidan, ko da tsohuwar aska ce. Matar ta yi tunani, ta ce akwai agogo.

Ranar suna Abuya ya kira tun da safe, ya ce askin jariri haƙƙin dangin uba ne, kada in yi musu shisshigi, sun san aikinsu. Hamad ya sayo reza, ya wanke hannu sau uku, ya zauna da jaririn, Yazan, a cinya, ya yi ta juya rezar ya rasa ta inda zai fara har Razan ta ƙwace ɗanta. Ƙanin baban Hamad da ya zo taron ya ce shi ko gemunsa da inji yake yi. A ƙarshe wurin wani Baturke mai shago a bakin titi muka kai shi, ya yi masa da inji cikin minti uku, jaririn ko farkawa bai yi ba. Da na dawo Jidda, Abuya bai bari na ajiye jaka ba ya tambaye ni yadda aka yi askin da wanda ya yi. Na ce dangin uba ne suka yi, kuma sun yi da kyau. Ya ce dama ya sani. Ya tambaya ko na ga zabirarsu, na ce ban shiga ɗakin maza ba. A lokacin na ɗauka ƙaramar ƙarya ce, irin wadda ake yi wa tsoho don ya ci abinci.

Ka san yadda jikin ya yi tun daga watan Safar, na yi ta gaya maka a waya. Abin da ban gaya maka ba shi ne hannunsa ya riga ƙafarsa mutuwa. Sumarsa ta taru, shi da bai taɓa haɗa Juma'a biyu babu aski ba, dole na kira mai shagon da ke ƙasan gidanmu ya hawo da injinsa. Abuya ya rufe ido har aka gama, kuma ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. Ana saura kwana shida ya rasu, ranar Laraba bayan la'asar, autata Bayan ba ta dawo ba tukuna, mu biyu ne a gidan, ya ce in sauko masa da zabirar daga bayan ƙofa. Ranar na fara taɓa ta, ina da shekara hamsin da bakwai. Ya sa na ɗora masa ita a ƙirji. Ya ce ya daɗe yana tunani. Ya ce Usuman ɗansa ne, saboda ubansa aka raba shi da ƙasar haihuwarsa, kuma bai manta ba ko rana ɗaya. Amma Usuman yana da kayan aikinsa, yana cikin 'yan'uwa wanzamai a Gumel, ga Abdallah a bayansa. Can kuwa gidan wanzamai ne da sana'ar ke neman kuɓuce musu, saura tsofaffin da suka yi askin suna, ga kuma yaro da ya haɗa jinin sana'ar ta uwa da ta uba. Ya ce in aka kai zabirar can, wataƙila gidan ya sake tashi. Sannan ya juyo ya dube ni. Ya ce ni ce na je na gani da idona, in gaya masa tsakanina da Allah, gidan wanzamai ne na gaske ko kuwa. Ya ce in ba haka ba ne, to ta Usuman ce, babu wata magana.

Na ce gidan wanzamai ne. Ban yi jinkiri ba, Yaya, ban yi shiru na auna ba, ban ko sunkuyar da kai ba. Takardar nan ta masu haƙar kwal tana gaban idona, amma bakina ya ce eh kamar an tambaye ni ko na sa gishiri a miya. Ya yi hamdala, ya ce to in kai wa Yazan, amana ce. Ya yi barci da ita a ƙirji har aka kira magariba. Tun daga ranar nake juya abin. Wani lokaci in ce tausayi ne, ba zan ƙwace wa mai barin duniya abin da ya faranta masa rai shekara huɗu ba, in kuma nuna masa 'yarsa ta yi masa ƙarya. Wani lokaci in ce Yazan jikana ne, kuma ni da aka hana taɓa zabirar nan shekara hamsin, raina ne ya so ta ƙare a tsatsona. Duka biyun suna kama da gaskiya. Nakan jera su in dube su, ban san wanne ne nawa ba, kuma ba na jin komai in na dube su. Kwana shida ya ƙara a duniya, yana cikin hankalinsa har ranar ƙarshe, kowace rana ina iya gyara maganar. Na yi ta ba shi kunu da magani.

Bayan rasuwar ma hanya ba ta toshe ba. Babu wanda ya ji wasiyyar sai ni. Da na yi shiru na aiko maka da zabirar, babu mai tambayata, kai ka samu haƙƙinka, ni kuma na rufa wa kaina asiri. Har na naɗe ta da zane da wannan niyyar. Razan ba ta samu zuwa ba sai bayan kusan wata guda, ta zo da Yazan suka yi sati biyu. Yaron ya shekara biyu, fari sol, gashinsa kamar na masara, amma goshin na Abuya ne sak. Ba ya jin Hausa sai zo da bari. Na yi niyyar tambayar malami, sai na ga na riga na san abin da nake so ya ce mini, na fasa. Abin da ya tsaya mini shi ne, na yi wa Abuya ƙarya yana raye, sai na kasa cin amanarsa yana kabari. Ya ce amana ce, ya kuma faɗi suna. Na san wannan hujjar ma ta yi daidai da abin da raina ke so, shi ya sa ban yarda da ita sosai ba. Amma ranar da za su tafi na kwance zanen na miƙa wa Razan. Ta ce me za ta yi da wannan, ai ba a shiga jirgi da wuƙaƙe. Na ce ta sa a babbar akwati. Ba ta tambayi labarinka ba, tana 'yar ƙarama ka tafi, ni kuma ban ambace ka ba. Ta tura zabirar tsakanin takalman yaro da kwalin dabino, ta zauna a kan akwatin ta ja zif, ta ce halas, an gama, direba na jira.

Shekaranjiya da hantsi Hamad ya kira ni. Na ɗauka zai ce an kawo musu tarkace, ko ya ce zai sa ta a gilashi ya rataye a falo, yadda na ga suna yi wa tsofaffin abubuwa a can. Ba haka ya ce ba. Da Larabcin nan nasa mai tuntuɓe ya ce ya buɗe zabirar, ya shimfiɗa kayan a kan tebur, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce shi ya san gidansu bai cancanci wannan ba, ya faɗa wa tsohon tun farko, kuma yana fatan an fahimce shi. Na ce an fahimta. Ya ce tunda an ba ɗansa, ba ya so yaron ya girma da jakar ƙarafan da babu wanda ya san ko na mene ne. Yana so a gaya masa sunan kowanne da Hausa, da aikinsa, da yadda ake wasa aska, da abin da ake shafa wa fatar zabirar don kada ta tsage a sanyinsu. Zai rubuta ya ajiye wa Yazan har ya yi hankali. Ya jera kayan, ya sa wa kowanne lamba a 'yar takarda, ya ɗauki hoto ya turo. Guda goma sha ɗaya ne. Autata Bayan ce ta wanko mini hoton a shago, ga shi nan na saka maka cikin wasiƙar.

Na zauna da hoton na gane aska, na gane ƙaho, na gane almakashi da dutsen washi. Sauran bakwai ban san su ba. Akwai mai lanƙwasa a baki, akwai wani siriri, akwai wanda ban san ma ta ina ake riƙe shi ba. A Jidda babu wanda zan tambaya, abokan Abuya da suka rage ɗaya tela ne ɗaya direba. Kai kaɗai ka rage da ya san su, kai da ka wanke su ka goge su shekara talatin. To ga abin da ya kawo ni bayan faɗin laifina. Na hana ka zabirar, yanzu kuma na zo roƙon ka sunayen abin da ke cikinta, don a ba wanda na ba ita. Na san yadda wannan yake a kunne. Ban ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna, don mai neman gafara ya kamata ya ji zafin abin da ya yi, ni kuwa har yanzu shiru nake ji. In ka ga dama, ka rubuta sunayen a bayan hoton ka ba wani mai zuwa Hajji ya kawo mini. In ka yaga shi, ban ga laifinka ba. Sai in gaya wa Hamad gaskiya, cewa akwai mutum ɗaya a duniya da ya sani, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na cuce shi.

Ka gaishe mini da Zakiya, ka ce mata ta nemi maganin tarin nan kada ta shiga azumi da shi. Ka gaishe da Abdallah da iyalinsa, da takwarata 'yar Dela, da duk dangin Gumel da ban sani ba. Autata Bayan tana gaishe ka, ita ma ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba. Allah Ya kai mu watan azumi lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen. Bayan hoton fari ne, ban rubuta komai a wurin ba.

Ƙanwarka,
Dela.